Amsa ga mai tambaya kan AC da ke yankewa a cunkoso

Ɗan'uwa, ka ce AC ɗin motarka tana sanyi idan kana gudu a titi, amma da ka tsaya a cunkoso sai ta yanke, kuma bakanike ya ce a ƙara gas. Don Allah kar ka bari a ƙara tukuna. A shekarun da na yi ina wannan aiki, mafi yawan motocin da ke zuwa da wannan matsala gas ɗinsu bai ragu ba, zafi ne ya kasa fita daga kondensa, wato ragar nan ta gaban mota da ke fitar da zafin gas.

A sa geji, wato agogon auna matsin gas, a gani. Da gas ɗin AC nau'in R134a, ɓangaren ƙasa (mai ƙaramin matsi) yakan tsaya tsakanin 25 zuwa 45 psi (ma'aunin matsi ke nan), na sama (mai babban matsi) kuma wajen 150 zuwa 250, ko da yake a tsakiyar bazara yakan ɗan haura. Idan na sama ya doshi 400, makunnin kariya, mai lura da matsi, shi ke kashe kwamfireso, wato injin da ke tura gas, don kada wani abu ya fashe. Shi ne yankewar da kake ji.

Fara da fankar gaban kondensa. Kunna AC, buɗe bonet, ka duba ko tana juyawa da ƙarfi. Wata tana juyawa amma a sanyaye, wata fuz ne ya ƙone. Sannan ka kalli kondensar kanta, domin ƙurar hunturu da ciyayi da ledoji sukan toshe ta har iska ta kasa ratsawa. Ga gwajin da na fi yarda da shi: a watsa mata ruwa ana kallon geji. In allurar ta sauko nan take, sanyi ya dawo, to iskar da ke ratsa kondensa ce ba ta isa. A wanke ta da ruwa marar ƙarfi, kar a lanƙwashe haƙoranta.

In fanka lafiya, kondensa fes, to ko gas ya yi yawa, ko iska ta shiga layin gas saboda an cika ba a yi bakyum ba, wato ba a zuƙe iskar ciki da inji ba. A kwashe, a ja bakyum na kamar minti 30, a zuba da sikeli daidai giram ɗin da ke rubuce a takardar cikin bonet. Cikawa da ido ita ke lalata kwamfireso da yawa.

Akwai masu haɗe wayar makunnin kariya wai don AC ta daina yankewa. Ko kyauta aka ce za a yi maka, ka ƙi. Ka turo mana abin da geji ya nuna a ɓangarorin biyu, sai mu san inda za a dosa.