Tambayi Likita: fuka, inhela, da yadda unguwa za ta riƙe masu ciwon a gida

Assalamu alaikum jama'a. Hunturu ya shigo, hazo ya rufe Sakkwato, saƙonnin satin nan kusan duk a kan fuka ne, wato asma. Na ɗauko uku.

Wata uwa daga Mabera: Likita ina wuni. Ɗana shekara tai bakwai, kullum dare sai tari, ƙirji nai na kuka kamar kyanwa. An ba mu inhela shuɗiya asibiti amma uwar mijina ta hana, wai in yaro ya saba ba shi rabuwa da ita. Mi za ni yi?

Hajiya a gaishe min da Inna, amma a nan ba ta yi daidai ba. Inhela ba ƙwaya ba ce da za ta kama mutum. Shuɗiyar nan salbutamol ce, wadda aka fi sani da Ventolin, tana buɗe hanyar numfashi cikin mintuna amma ba ta taɓa kumburin da ke ciki, shi ya sa gobe da dare abin ke dawowa. Yaron da tari ke tadawa kullum yana buƙatar ta biyu, ta rigakafi, irin su beclomethasone wadda yawanci ruwan ƙasa ce, ita ana shaƙa safe da dare ko yana lafiya lau, ya kurkure baki bayan ya gama. Ku koma asibiti ku yi maganarta. Sannan yaro bai iya haɗa fesawa da jan numfashi ba, rabin maganin a harshe yake tsayawa. Ki samu robar ruwa mai 500ml, ki huda gindinta daidai bakin inhela, ki girgiza inhelar ki sa bakinta cikin hudar, ya kama bakin robar da leɓe, ki fesa sau ɗaya ya ja numfashi biyar ko shida kafin ki sake.

Wani ɗan kabu-kabu daga Gidan Igwai: Ni dai in ta taso sai in tai kemis a ba ni ƙananan ƙwayoyi farare, kuma wallahi suna yi min aiki.

Za su yi aiki mana, mai yiwuwa prednisolone ko dexamethasone ake ba ka. Mu ma muna bayarwa, amma na 'yan kwanaki. Shan su wata da watanni na kawo suga, hawan jini, kumburin fuska da raunin ƙashi, kuma in ka daɗe a kai kar ka yanke rana ɗaya, je likita ya sauke ka a hankali. Ka rufe hanci da baki a kan mashin, ka kuma lura da aspirin, ibuprofen da diclofenac da kuke sha na ciwon jiki, suna tada ma wasu fuka.

Sakataren wata ƙungiyar unguwa a Runjin Sambo: Ranka ya daɗe, bara wasu bayin Allah sun raba muna inhela kyauta, aka yi hotuna, bayan wata biyu ta ƙare aka koma gidan jiya. Ƙaƙa za mu yi abin da zai ɗore?

Malam wannan ita ce tambayar da nake jira. Gwangwanin shuɗiya fesa 200 ne, dole ya ƙare, fuka kuwa ciwo ne na shekaru, to rabon rana ɗaya sadaka ce mai kyau amma ba tsari ba ne. Ku fara da littafi, sunan duk mai ciwon da asibiti ya tabbatar, don ba kowane tari ne fuka ba, wani tibi ne wani ciwon zuciya. Sai ku nemi ma'aikacin lafiya na ƙaramin asibitin unguwarku da kwamitin ci gaban gunduma su koya ma mutum uku ko huɗu aikin duba masu fuka gida-gida, kuma a sa mata ciki don Allah, namiji ba zai shiga ɗakin matar aure ya ga turaren wuta da igiyar sauro suna hayaƙi da taga a rufe ba, nan kuwa matsalar take, da murhun itace kusa da ɗakin kwana, da kyankyasai, da tsohon kafet mai ƙura. Ziyara sau ɗaya a wata ta isa, a ce ma mutum shaƙa in gani, a gyara mai, a tambayi dare nawa ya farka. Wanda ke cinye shuɗiya uku ko fiye a shekara ciwonsa bai kwanta ba, a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru.

Kuɗi kuma ku yi shi kamar adashi. Ku sayi magani mai lambar NAFDAC a sari daga wuri mai rajista, ku sayar a kuɗin da kuka sayo, kuɗin ya koma sayen wani, marayu da marasa hali a ɗauke musu daga gudummawar masu hali. Ni na fi yarda da wannan a kan jiran ƙungiyar waje, su in kwangilarsu ta ƙare sun naɗe tabarma. Ku cika akwatin magani tun Oktoba kafin ƙura ta sauko.

Kowane gida a manna takarda da Hausa ko ajami: in fuka ta taso a zaunar da mai ciwon a miƙe, babba ko yaron da ya kai shekara shida fesa huɗu zuwa goma na shuɗiya ta cikin roba, a maimaita bayan minti 20. In ya kasa haɗa magana, ko leɓe ya canza launi, ko ya fara gyangyaɗi, ba jira ba jiƙo, asibiti kai tsaye ana ci gaba da fesawa a hanya. Ku rubuta lambar mai Keke Napep biyu da suka yarda a tashe su ko ƙarfe biyu na dare a ƙasan takardar.