Amsa: Sansanin yara maza a dogon hutu

Malam, ka tambaya ko sansanin da ake kai yara maza a dogon hutu yana koya musu shugabanci, ko cin kuɗin iyaye ne kawai. Ya danganta da tsarinsa.

Baden-Powell, wanda ya kafa ƙungiyar sikawut, ya kai yara kimanin 20 tsibirin Brownsea a Ingila a 1907. Ya kasa su gida huɗu, kowane rukuni yaro ɗan'uwansu ke jagoranta, manya na gefe suna sa ido. Nan gizo ke saƙar.

Bara na kai ɗana wani sansani a nan Kaduna cikin Agusta, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Yaron da ko kwanonsa ba ya wankewa a gida, sai ga shi yana raba wa yara bakwai aikin ɗebo ruwa da kafa tanti. Ranar da suka ƙona shinkafa, haka suka ci abarsu.

Kafin ka biya, je ka gani da idonka: wa ke kwana da yaran, akwai gidan sauro, ana tsayawa salla? In ka tarar manya ke yin komai, yara na zaune ana zuba musu lacca, riƙe kuɗinka.