Asusu ɗaya na kowa ko kamfanin inshora: wa zai ɗauki jinyar Hajiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni malamar makaranta ce a Tudun Wada, Kaduna. Maigidana ɗan kasuwa ne, ya je wani kamfani yi wa iyali inshorar lafiya. Sun karɓe mu da yara, amma suka ce ban da mahaifiyarsa, saboda shekaru da hawan jini da ciwon suga. Na ji a wasu ƙasashe asusun gwamnati ne kaɗai ke biya wa kowa kuɗin asibiti. Hakan ya fi? Zai yiwu a nan?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba Hajiya lafiya. A ganina ya fi, kuma abin da ya same ku shi ne babbar hujja.

Kamfanin inshora kasuwa ya buɗe. Ribarsa ita ce abin da ya rage a kuɗin da kuka zuba bayan an cire na jinya. Saboda haka saurayin da bai san ƙofar asibiti ba shi yake nema. Hajiya kuwa, da kowane wata sai an sayi ƙwayoyi, an auna suga, wata rana a duba ƙoda da ido, asara ce a lissafinsa. Waɗanda aka karɓa ma ba su huta ba. Za ki ga majinyaci a kan benci, takardar likita a hannu, ma'aikaci na ta kiran kamfani yana jiran lambar izini kafin a yi masa hoton ciki. Ciwo kuma ba ya jiran lamba. Wannan yana ci min rai ƙwarai.

Tsarin da kika ji labari kamar adashi ne na ƙasa baki ɗaya, sai dai mai kwasa shi ne wanda ciwo ya kama. Kowa ya zuba daidai ƙarfinsa, ta haraji ko albashi, asusu ɗaya ya biya asibitoci, na gwamnati da na kuɗi. Da yake kowa na ciki, kuɗin masu lafiya ke ɗaukar marasa lafiya, ba a tambayar shekaru. Mai saye ɗaya da ke saya wa miliyoyin mutane kuma yana da bakin taya magani, ga kuɗin dillalai da talla da ba a ɓarnatarwa. Lardin Saskatchewan a Kanada ya fara biyan kuɗin ganin likita haka a 1962, sauran larduna suka bi. Taiwan ta haɗe asusunta a 1995. Amurka, inda kamfanoni suka fi ƙarfi, tana kashe kusan kashi 17 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara kan lafiya, amma har yanzu sama da mutum miliyan 20 ba su da inshora.

Mu a nan tukwane ne suka yi yawa. Shirin inshorar lafiya na tarayya, wato NHIS, ya fara aiki a 2005, akasari ma'aikatan gwamnati ya amfana. A 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, wadda ta wajabta inshora a kan kowa. Kaduna na da tata hukumar, KADCHMA, tun dokar 2018, wasu jihohi ma da nasu, ga kamfanoni a tsakani. Duk da haka sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita. Shi ya sa ake sayar da akuya ko fili, ko a yi yekuwa a masallaci bayan sallar isha'i.

Inda gizo ke saƙa shi ne tara kuɗin. Mai shayi da direban Keke Napep ba su da albashin da za a yanka. Ghana ta gane haka tun 2003, ta ɗora kashi 2.5 a kan harajin kayan saye domin asusun lafiya, kowa ya zuba ba tare da an bi shi gida ba. Ba zan ɓoye miki ba, can ma asibitoci sun sha kukan jinkirin biya na watanni, a Kanada kuma ana daɗewa a layin tiyatar da ba ta gaggawa ba. Asusu ɗaya in babu amana da bin diddigi, ɓarnarsa ma ta kowa ce. Amma wannan gyara ne da za a nema wurin zaɓaɓɓu, alhali kamfanin da ya ƙi Hajiya ba ki da ƙuri'a a kansa. A Abuja shugabannin ƙasashen Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya a 2001, kasafin tarayya bai kai nan ba har yau.

Kafin a kai can, maigida ya je ofishin KADCHMA ya nemi yi wa Hajiya rajista, ya tambaya dalla-dalla ko magungunanta na cikin jerin da ake biya. Ku kuma leƙa asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku ku tambayi shirin BHCPF, asusun gwamnati na kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta tanadar, domin tsofaffi na cikin waɗanda ake nufi da shi. Don Allah kada ta daina shan maganin hawan jinin ko da kwana ɗaya ana jiran kati.