Amsa ga mai jin kamar Mama za ta shigo

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta. Kin ce yau wata biyar da rasuwarta, amma da an yi sallama a zaure sai gabanki ya faɗi ki ɗauka ita ce, har kin taɓa zuba mata tuwo a kwanonta. Kina tambaya ko aljanu ne, ko raunin imani.

Ba ko ɗaya ba. Annabi (SAW) ma ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu.

Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, John Bowlby, ya yi nazarin yaran da aka raba da uwayensu: sai sun yi kuka da neman uwa tukuna, sannan jikinsu ya yi sanyi. Neman nan shi ke tsare ɗa tun fil azal, don jaririn da bai damu da ɓacewar uwa ba da wuya ya rayu. Amma shaƙuwa ba ta san mutuwa ba, tafiya kasuwa da dawowa ta sani. Hankali ya karɓi labari ranar jana'iza, jiki kuwa yana nan yana sauraron takun ƙafarta. Har a dabbobi ana gani: a 2018 wata uwar orka, babbar dabbar ruwa mai shayarwa, a tekun Fasifik ta kwana 17 tana tura gawar 'yarta.

Matakai biyar na alhini da ke yawo a Facebook, wata likitar ƙwaƙwalwa mai suna Kübler-Ross ta kawo su a 1969 kan majinyatan da ke bakin mutuwa. Kada ki auna kanki da su. Alhini zuwa yake ya koma, kuma ya fi nauyi bayan sadakar arba'in, an naɗe tabarmi, kowa ya watse.

Ki tsayar da lokacin barci da na abinci ko ba kya sha'awa, ki riƙa fita tsakar gida cikin mutane. Kada ki sayi maganin barci irin su diazepam a kemis. Yana saurin kama jiki, barinsa kuma wahala.

Idan aka wuce wata shida kewar na hana ki girki, aiki ko kula da yara, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauke shi ciwo mai magani. Ki je sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, Zariya. In kuwa tunanin kashe kai ya zo miki, yau za ki faɗa wa wani a gida, ku tafi tare.