Amsa a kan Fada Teilhard, mai tonon ƙasusuwa da ya yi yaƙin duniya

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Malam, na saurari tambayarka a kan fadan Katolikan nan da aka turo hotonsa, kana cewa wai da gaske malamin addini ne, kuma masanin kimiyya, kuma ya shiga yaƙi. Da gaske ne, duka ukun. Ku ɗan yi haƙuri da ni, muryar za ta yi tsawo.

Sunansa Pierre Teilhard de Chardin, ana furta shi Teyar. Bafaranshe ne, an haife shi a 1881 a yankin Auvergne. Ya shiga ƙungiyar Jesuit ta limaman Katolika a 1899, ya koyar da kimiyya a Alƙahira daga 1905 zuwa 1908, aka naɗa shi fada a Ingila a 1911. Fanninsa duwatsu ne da ƙasusuwan dabbobin da suka shekara dubbai a binne har suka zama dutse.

To amma ni a ganina, duk wanda yake so ya gane mutumin nan, yaƙin zai duba. A ƙarshen 1914, farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka kira shi soja. Bai riƙe bindiga ba, aikinsa ɗauko waɗanda aka ji wa rauni daga fagen daga. Kuma rundunar da aka tura shi ta sojojin Arewacin Afirka ce, galibinsu Musulmi, waɗanda Faransa ta kwaso daga ƙasashen da take mulka. Da su ya je Ypres a 1915, inda aka fara sakin iskar guba, da su ya je Verdun a 1916, da Chemin des Dames a 1917. Malam, ka san me aikin nan yake nufi? Sai dare ya yi ake fita, mutum biyu ko huɗu a kan gadon ɗaukar mai rauni guda. Taɓo har gwiwa, ba halin kunna fitila don kada a gan ka, kana bin nishin mutum a cikin duhu har ka lalubo shi, sannan ku juyo da shi ana ruwan wuta. Haka ya yi har yaƙin ya ƙare a 1918. Sojojin nan Musulmi Sidi Marabut suke ce masa, saboda sun ɗauke shi bawan Allah mai albarka. An nemi a ɗaga shi ya zama limamin soja mai muƙamin kyaftin, ya ce a bar shi cikin mutanensa, ya zauna a kofur ɗinsa. 'Yan'uwansa biyu na jini a yaƙin nan suka mutu.

A cikin ramukan da sojoji ke fakewa a fagen daga ya fara rubutu. Idan aka janye su baya don su huta, sai ya ɗauki takarda, ya rubuta, ya aika wa wata 'yar danginsu, Marguerite. Abin da ya fara tsiro masa a can shi ne cewa halitta duka tafiya take yi, daga ƙasa da dutse zuwa rai, daga rai zuwa hankali, kuma 'yan Adam a hankali suna haɗuwa su zama abu guda da zai tuƙe ga Ubangiji. Akwai wani rubutu da ya yi a 1917 da yake cewa in ya bar fagen daga kewarsa yake ji. Gaskiya wannan yana damuna har yanzu. Mutumin da ya ɗauki gawarwaki da hannunsa, yaya zai yi kewar wurin? Amma ba na ɗaukarsa mai son jini. Abin da ya gani a can shi ne mutane sun manta da kansu saboda junansu, kuma bai sake ganin irin wannan ba a rayuwar gari.

Bayan yaƙi ya yi digirin dakta a 1922. A 1923 ya tafi Sin wurin wani ɗan mishan ɗan ƙungiyarsu, Fada Émile Licent, mai gidan adana kayan tarihi a Tianjin, suka shiga hamadar Ordos suna tono. Ana cikin haka wata 'yar takarda da ya rubuta a kan zunubin asali, wato koyarwar coci cewa 'yan Adam sun gaji zunubin Adamu, ta kai hannun manyansa. Aka raba shi da koyarwa a Paris, aka mai da shi Sin a 1926. Can ya shiga cikin masu aikin kogon Zhoukoudian kusa da Beijin, inda wani matashi Basine, Pei Wenzhong, ya tono ƙoƙon kan wani nau'in mutum na zamanin da can da ake kira Mutumin Peking (Peking tsohon sunan Beijin ne) a Disamban 1929. Teyar ba shi ya gano shi ba, kamar yadda wasu ke yaɗawa. Nasa aikin shi ne karanta duwatsun wurin da ƙasusuwan dabbobi don a san zamanin.

Sai yaƙi na biyu ya rutsa da shi a Beijin, Japan ta mamaye garin, ba fita har 1946. A wannan zaman ne ya kammala babban littafinsa, Le Phénomène humain, a 1940. Ƙasusuwan Mutumin Peking kuwa, a ƙarshen 1941 aka zuba su a akwatuna za a kai Amurka don kada su faɗa hannun Japan, suka ɓace, har yau ba a gan su ba. Kwafinsu da aka zuba ne ya rage.

Ga abin da ya fi taɓa ni. A 1948 ya je Roma da kansa wurin shugabannin ƙungiyarsu neman izinin buga littafin, aka hana shi. Aka kuma hana shi karɓar kujerar farfesa a Collège de France, babbar cibiyar ilimi da ke Paris. Abokai sun ba shi shawara ya fita daga ƙungiyar ya buga abinsa, ya ƙi, domin ya yi alkawarin biyayya. Ba ina kiran kowa ya yarda da ra'ayinsa a kan asalin ɗan Adam ba, ni ma akwai inda muka rabu, amma mutum ya shekara talatin ana toshe masa baki bai fasa rubutu ba kuma bai karya alkawari ba, wannan abin girmamawa ne. Ya rasu a New York ranar Ista, 10 ga Afrilu 1955. Da yake ya bar wa sakatariyarsa Jeanne Mortier wasiyyar takardunsa, a shekarar littafin ya fito. A 1962 Fadar Vatican ta fitar da gargaɗi a kan rubuce-rubucensa, amma ba ta sa su cikin jerin littattafan da aka haramta ba.