Amsa ga ƙanwarmu mai shagon hatsi

Salama a gare ku 'yan'uwa. Ƙanwata, na ga tambayarki, inda kika ce daga Litinin zuwa Asabar kina shagon hatsi, ba kya samun zuwa addu'ar tsakiyar mako ko koyon waƙa, har kin fara jin kamar ranar Lahadi kaɗai kike girmama Allah, sauran kwanakin kuwa na neman abinci ne. Waɗanda suka ce ki riƙa karatun Littafi Mai Tsarki da asuba sun faɗi gaskiya, ba sai na maimaita ba. Ni 'yar kasuwa ce kamarki, na tsufa a sayar da masara da wake da dawa a yankin Saminaka, don haka ta wajen kasuwa zan yi miki magana.

A majami'a kowa mutumin kirki ne. Awa biyu ne ko uku, an sha anko, ganga na tashi, babu mai taya kayanki da rainin wayo. Wurin da ake gane mai tsoron Allah shi ne bakin mudu. Kin san abin da ake yi a sana'armu, ba sai na ɓoye ba. Akwai mai kwano biyu, babba na saye daga hannun manomi, ƙarami na sayarwa. Akwai mai buga gindin kwano ya shige ciki. Akwai mai zuba tsohon wake da ƙwari suka huda a ƙasan buhu, ta rufe samansa da sabo. Ki buɗe Maimaitawar Shari'a 25, daga aya 13, za ki ga an hana ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami, a jaka ko a gida. Karin Magana 11:1 kuma ta ce ma'aunin zamba abin ƙyama ne ga Ubangiji. Ko maƙwabtanmu Musulmi suna da sura guda a kan masu tauye mudu, saboda haka idan kika tauye, wanda ke rumfar kusa da ke ya san sunan abin da kika yi, ya kuma san majami'ar da kike zuwa.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Amos sura 8. 'Yan kasuwar da annabi ya tsawata wa ba masu ƙin sujada ba ne. Suna kiyaye Asabar sarai, suna rufe rumfa. Amma suna zaune suna ƙosawa rana ta faɗi su koma su rage mudu, su ƙara kuɗi, su sayar har da sharar alkama. Da a zamaninmu ne, da sunansu na cikin littafin masu zuwa kowane taro. To kin ga yawan zuwa taro bai wanke su ba, kuma rashin zuwanki na Laraba ba shi ne abin da zai fara kayar da ke ba.

Bari in daɗe kaɗan a kan wake, domin nan ne da yawa daga cikinmu muke faɗuwa ba tare da mun ɗauke shi zunubi ba. Kowa ya san wake ba ya jimre ajiya, shi ya sa ake zuba masa fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari masu ƙarfi, a fito da shi kasuwa tun warin bai gama fita ba. Abin ya kai har a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin da aka samu a ciki. Su sun iya rufe ƙofarsu. Matar da ta zo da kuɗin mudu ɗaya za ta yi wa 'ya'yanta alale ko ƙosai ba ta da na'urar gwaji, ke ta amince wa. Akwai buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, leda biyu a ciki da buhu a waje. In waken ya bushe sosai kika ɗaure kowace leda dabam da kyau, iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu da kansu, babu ko ɗigon magani. Ya fi buhun gama-gari tsada, gaskiya ne, amma in bai huje ba za ki sake amfani da shi. A wurina kuɗin buhun nan yana cikin baikon da nake ba Allah, ko da yake ba a kiran sunana daga bagade saboda shi.

Sai maganar baki. Mun saba da "na rantse ko uwar kuɗi ban mayar ba", alhali riba tana ciki. Yesu ya ce i ɗinmu ta zama i, a'a kuma a'a. Ba dole ne ki faɗa wa mai saye nawa kika saro ba. In tayinsa bai yi miki ba, ki ce albarka, shi ke nan. Da farko za ki ga kamar masu rantsuwa sun fi ki ciniki, kuma wani lokaci sun fi ki ɗin, ba zan yaudare ki ba. Sai dai da tafiya ta yi nisa, masu abincin sayarwa za su fara aiko yaro da kuɗi ba tare da sun zo sun tsaya a kan awo ba.

'Yan dako da masu baro kuwa, ki biya su kafin su bar ƙofar shagon. Littafin Firistoci 19:13 ya hana kuɗin ɗan ƙodago ya kwana a hannunki, Yakubu 5:4 ya ce ladan da aka danne yana kuka har kunnen Ubangiji. "Ka dawo gobe" ba komai ba ce a wurinki, shi kuwa tuwon darensa ne. Haka yarinyar da ke taya ki shago. In za ki tafi taron Zumuntar Mata ki bar ta daga safe har dare babu abinci, gara ki zauna.

Bashi ma haka. Na sha ganin 'yar'uwa ta fito rawar godiya da buhun masara a kai, alhali manomin da ya ba ta kaya tun kaka yana zaune a benci na baya bai ga ko sisi ba. Haka masu kwasar adashe su daina zubi. Matiyu 5:23-24 ta ce in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da magana a kanka, ka ajiye, ka je ku shirya tukuna. In babu kuɗin, ki je da ƙafarki ki faɗa, kada ki kashe waya.

Wani zai tambaya batun ajiye hatsi har ya yi tsada. Ni ban ga laifin saye da kaka a sayar da damina ba, sana'ar ke nan, Yusufu ma ya tara a Masar. Amma Yusufu ya buɗe rumbu da yunwa ta zo. In gari ya yi zafi kina jin kukan maƙwabta, kika ƙulle sito kina jiran ƙarin farashi, ki karanta Karin Magana 11:26 kafin ki kwanta.

Game da taron tsakiyar mako, kada ki yar da shi gaba ɗaya, don mutum shi kaɗai yakan yi sanyi. Ki zaɓi guda ɗaya da za ki iya riƙewa, ki sami shugabar mata ko matar fasto ki gaya mata yadda aikinki yake, don kada a ɗauka ja da baya kika yi. Mu a layinmu mu kan haɗu a rumfar ɗaya daga cikinmu kafin a buɗe kasuwa, a karanta aya, a yi gajeriyar addu'a, kowa ta kama gabanta. In akwai masu bi kusa da shagonki, ki gwada yi musu magana a makon nan.