Ƙananan RNA da masu sikila: shin zazzabin cizon sauro ba ya kama su?

Tambaya: Dakta, ina karatun kimiyyar sinadaran jiki a jami'a. Na karanta cewa jinin masu sikila yana ɗauke da microRNA da ke hana ƙwayar zazzabin cizon sauro girma. Na yi maganar a gida, kuma tun ranar mahaifiyarmu ta daina ba ƙanena mai SS maganin kariyarsa, ta ce Allah Ya riga Ya kare shi. Damina ta kankama, hankalina ya kasa kwanciya. Na yi kuskure ne?

Amsa: 'Yata, a mayar wa yaron nan da maganinsa yau ɗin nan, kafin ma ki gama karanta amsata.

Abin da kika karanta yana da tushe. Plasmodium falciparum ba ta da Dicer, ba ta da Argonaute, don haka ba ta ƙera microRNA irin namu. Tana dai da nata RNA marasa ƙera furotin. Akwai RUF6, mai kwafi 15, da ke da hannu wajen kunna ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon var kusan 60, waɗanda take sauya riga da su don garkuwar jiki ta kasa gane ta. Akwai kuma wani RNA mai juyayyen karatu da ke taka wa GDV1 burki, shi kuwa GDV1 shi ke buɗe mata hanyar rikiɗa zuwa siffar da sauro ke ɗauka. Naki batun ya fito ne daga jami'ar Duke a Amurka a 2012. Sun ga miR-451 da let-7i sun fi yawa a jajayen ƙwayoyin jinin AS da SS, suna kutsawa cikin ƙwayar cutar, su manne da saƙonninta na mRNA, su hana a karanta su. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Amma a ɗakin gwaji aka yi shi, kuma abin da aka gani shi ne girman ƙwayar ya ragu. Ba ta mutu ba.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan kullum sai wani ya ce mini "ai masu sikila maleriya ba ta kama su." Na ji daga bakin iyaye, na ji daga masu kemis, na ji daga mai tallan maganin gargajiya da lasifika a bakin tasha, har ma daga wasu ma'aikatan lafiya, abin da ya fi baƙanta mini rai. An haɗa mutum biyu an mai da su ɗaya. Mai AS shi ne ke da kariya, kusan kashi 90 cikin ɗari daga zazzabi mai tsanani, kuma shi ma yana kamuwa, yana kwanciya, yana buƙatar magani. Mai SS labarinsa daban. Jininsa dama a ƙasa yake, saifarsa kuma tana lalacewa tun yana ƙarami. Ƙwayoyin cutar da yaro mai AA zai jure da ɗan zazzabi, shi suna iya fasa masa jini cikin kwana ɗaya ko biyu, su tayar masa da ciwon ƙashi.

Na sha ganin irin wannan yaro an rungumo shi da tsakar dare, tafin hannunsa fari fat, idonsa ya yi ɗorawa, numfashi sama-sama. Sai ki ji uwar tana cewa kwana uku ana ba shi jiƙo, don an gaya mata ba maleriya ba ce tunda sikila gare shi. Daga nan sai neman jini, dangi suna ta kiran waya, a rasa wanda jininsa ya dace. Wasu mun same su da rai mun sallame su. Wasu Allah Ya yi musu rasuwa kafin ledar jinin ta iso. Wanda ya faɗa wa uwar wannan magana kuwa yana gida yana barci, gobe zai maimaita wa wata.

Kuma kada a yaudari mahaifiyarku da cewa ai an gwada, ƙwayoyin kaɗan ne. Ga mai SS, kaɗan ɗin ma suna kai shi gadon asibiti.

Ki zauna da Mama cikin ladabi, ki ce mata binciken ya fi bayyana kariyar masu AS, ita ma ba cikakkiya ba, kuma neman magani baya kore tawakkali. Ya ci gaba da shan maganin kariyar da asibitin sikila suka rubuta masa, ko proguanil ne ko wani, ya riƙa kwana cikin gidan sauro mai magani kullum. In jikinsa ya yi zafi, a kai shi a gwada jini a ranar, kada a jira wayewar gari. Kwanakin da ya yi bai sha ba kuma, ki faɗa wa likitansa adadinsu daidai. Allah Ya ba shi lafiya.